Salansar tsohuwar motar tsere a Sakkwato: ta asali, ta gama-gari, tokumbo ko ƙirar mai walda?

Duk wanda ke riƙe da tsohuwar motar tsere a Sakkwato ya san cewa ranar da salansa ta fashe, ba shago ɗaya zai shiga ya fito da sabuwa ba. Masu kayan gyara na Sahara da J. Allen suna da ta Corolla da Camry da Golf jibge, amma da ka ambaci Mercedes 450SL, ko Datsun 240Z, ko MGB, ko Peugeot 504 Coupé, sai a ce bari a buga waya Legas. Daga nan shawarwari za su yi maka yawa. Bakanike zai ce, "Alhaji, a samo tokumbo mu daidaita ta." Mai walda zai ce kafin la'asar ya ƙera maka. Ɗanka mai kallon YouTube zai ce a yi odar mai ƙara daga Amurka. Abokinka kuma ya rantse cewa in ba ta asali ba ce, ka ɓata motar.

Kafin a kai ga zaɓe, a tabbatar tukunyar salansar ce ta lalace. In ƙarar tana fitowa daga wajen inji, tana "tik-tik" da sanyin safiya sannan ta lafa in mota ta yi zafi, galibi gasket ɗin manifol ne, wato ƙarfen da ke tattara hayaƙi daga inji ya zuba shi cikin bututu. In sai an hau gargada ake jin bugu, robar da ke riƙe da bututu ce ta tsinke. Amma in ka doki tukunyar da hannu ka ji abu na kaɗawa a ciki, ko ka ga baƙin toka a bakin ɗinkinta, to ta gama aiki. Wasu motocin, irin su Mercedes SL ƙirar R107 da aka yi daga 1971 zuwa 1989, suna da tukunya a tsakiya da wata a baya, kuma ba lallai ne su mutu tare ba.

Abubuwan da za a auna kowace da su

Awo ne kan gaba, kuma shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ana buƙatar kaurin bututu, da tsawo da faɗin tukunya, da inda bututu ke shiga da inda yake fita, a tsakiya ne ko a gefe. Kaurin bututu ba sai da na'ura ba: ka zagaya shi da zare, ka auna zaren, ka raba da 3.14. Zare mai santimita 14 yana nufin inci 1¾, mai 16 inci 2, mai 18 inci 2¼, mai 20 kuma inci 2½. Injin MGB mai lita 1.8 ba ya buƙatar abin da ya wuce inci 1¾ zuwa 2. Mai silinda shida na Datsun yana zama lafiya da inci 2 zuwa 2¼. Samari suna son ƙaton bututu don sun ɗauka ƙarfi yake ƙarawa, alhali in ya yi faɗi fiye da kima hayaƙi yana rage gudu a cikinsa, kamar mai hura wuta da baki a wangale maimakon ya tsuke leɓe. Sakamakon shi ne mota ta yi nauyin tashi daga tsaye, kuma a cikin gari nan ne kake buƙatar ƙarfinta.

Sai sauti. Rabin daɗin waɗannan motocin muryarsu ce, to amma akwai bambanci tsakanin gurnani mai daɗi in an taka, da wani gunji da ke cika cikin mota in ana tafiya da gudu ɗaya, galibi wajen juyi 2,000 zuwa 2,500 na inji a minti. A zagaye ɗaya na unguwa ba za ka lura da shi ba. Ka kama hanyar Argungu ko ta Gusau, kafin rabin tafiya kanka ya fara sarawa. Ga kuma maƙwabta, in kana fita da asuba a lungun da gidaje ke manne da juna.

Na uku ƙarko, kuma a nan yanayin Sakkwato ya sha bamban da na ƙasashen da aka ƙera motocin. A Turai da arewacin Amurka gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara ne ke cin salansa daga waje. Mu ba mu da wannan, damina ma 'yan watanni ce daga Yuni zuwa Satumba. Tamu daga ciki take ruɓewa. Kowace lita ta fetur da inji ya ƙona tana fitar da kusan lita guda ta ruwa a matsayin tururi. In tafiyar gajeriya ce, tukunyar baya ba ta yin zafin da za ta busar da shi, sai ya kwanta a ƙasanta ya haɗu da sinadaran hayaƙi ya zama ruwa mai cin ƙarfe. Tsohuwar motar tsere kuwa ita ce sarauniyar gajeriyar tafiya: a tayar da ita ranar Juma'a, a kai ta ɗaurin aure, a dawo a lulluɓe. Bayan wannan sai zafin Maris zuwa Mayu da ke haura digiri 40 yana busar da robobin rataya har su tsattsage, da tudun rage gudu da ke kan titunan unguwanni, wanda mota mai gajeren ƙafa ke goga cikinta a kai.

Kuɗi kuma a lissafa shi gaba ɗaya: saye, dako, kwastan, kilam (ƙarfen ɗaure bututu) da gasket da roba, da ladan mai ɗaurawa. Na ƙarshe haɗari, wato hayaƙi ya shigo cikin mota, zafi ya kusanci tankin mai, ko a yanka wani abu na asali da ba za a iya mayarwa ba.

Sabuwa mai ƙirar asali

Wannan ita ce aka ƙera daidai da siffar wadda motar ta fito da ita. Kamfanoni irin su Eberspächer, wanda ya daɗe yana yi wa Mercedes salansa, da Bosal da Walker da Ansa ta Italiya sun yi irinta ga motoci da yawa. MGB ce ta fi sauƙin samu, domin an ƙera sama da rabin miliyan tsakanin 1962 da 1980, kuma dillalai irin su Moss suna da kusan kowane yanki nata. Ta R107 ma tana samuwa. Ta 504 Coupé ita ce ke da wuya. Kada kamannin suna ya ruɗe ka: tazarar da ke tsakanin ƙafafunta na gaba da na baya ta gaza ta 504 ɗin da aka haɗa a PAN, kamfanin Peugeot na Kaduna, da kusan santimita 19, don haka bututun waccan ba ya hawa kanta yadda yake.

Wajen ɗaurawa babu wadda ta kai ta sauƙi. Ramukan noti suna faɗawa inda ya kamata, ƙugiyoyin rataya suna wurinsu, ba yanka ba walda. Murya da tazarar ƙasa duk na asali ne, kuma darajar motar ba ta taɓuwa.

Wahalarta biyu ce. Ta farko oda. Dole a yi ta da lambar shasi, saboda mota ɗaya tana iya samun salansa iri biyu ko uku. Yawancin waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka daga 1975 suna da indomi, wato na'urar tace gubar hayaƙi, a bututunsu, na Turai na lokacin kuwa babu. Mercedes 560SL ta 1986 zuwa 1989 ba a sayar da ita a Turai ba, don haka kayanta a Amurka aka fi samu. In aka yi kuskure, mayar da kaya daga Sakkwato zuwa Jamus ya kusa kuɗin sayen wata. Ta biyu dako. Kamfanonin aika kaya ta jirgin sama irin su DHL suna ninka tsawo da faɗi da tsayin kwali a santimita su raba da 5,000, su caje ka da wannan in ya fi nauyin gaske. Kwali mai 120 da 40 da 30 zai tashi a kilo 28.8, ko da salansar da ke ciki ba ta fi kilo goma ba. Ta jirgin ruwa ya fi sauƙi, sai dai jira na makonni, sannan tafiyar sama da kilomita dubu daga Legas a bayan babbar mota, inda bakin bututu kan lanƙwashe in ba a naɗe shi da kyau ba.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: yawancin masu ƙirar asali baƙin ƙarfe ne, ko mai rufin alminiyam. Tsadarsu ba ta hana su ruɓewa daga ciki in ana gajeriyar tafiya. Akwai masu siffar asali da aka yi da sitenles, ƙarfen nan mai jure tsatsa, su ne suka haɗa komai, su ne kuma mafi tsada.

Sabuwa ta gama-gari

Wannan tukunya ce kawai, ana zaɓenta da awo, sannan a haɗa ta da bututun motar. Cikinta iri uku ne, kuma shi ke yanke hukuncin sauti. Akwai wadda hayaƙi ke zagayawa ya dawo ta bututu biyu ko uku masu huji-huji kafin ya fita. Ita ce mai ladabi, kuma ita ta fi kusa da muryar yawancin motocin Turai. Akwai mai ɗakuna da shingayen ƙarfe, irin ta Flowmaster, mai kaurin murya wadda ta dace da inji mai silinda takwas (V8) amma ta fi kowace saurin kawo gunjin nan na doguwar hanya. Sai mai miƙaƙƙen bututu da aka naɗe da audugar gilashi ko ta ƙarfe, irin ta MagnaFlow. Hayaƙi yana wucewa cikinta ba tangarɗa, kuma in tukunyar doguwa ce sautin yana da daɗi a kan inji mai silinda shida. 'Yar siririyar nan irin Cherry Bomb ma wannan tsarin ce, amma audugar takan ƙone da lokaci, ƙara ta riƙa ƙaruwa.

Sitenles ɗin ma ba ɗaya ba ne. Lamba 304 yana da kusan kashi 18 cikin ɗari na kromiyam da kashi 8 na nikel, kuma da wuya ka ga ya yi tsatsa. Lamba 409 yana da kusan kashi 11 na kromiyam, fuskarsa tana yin ja-ja amma ba ya hujewa da wuri, kuma shi ne kamfanonin mota da yawa ke sawa a sababbin motoci. Maganaɗisu yana kama 409, ba ya kama 304 sosai. To amma a yi hattara da wannan gwaji, domin lamba 201, irin wanda ake yin ƙarfen bene da ƙofofi da shi, shi ma maganaɗisu ba ya kama shi, kuma ba ya jure zafi da ruwan hayaƙi kamar 304. Masu ƙyalli da ƙaton baki da ake rataye wa a shagunan kayan ƙawar mota, in ka ɗaga ka ji ba nauyi, kada ƙyallin ya ja ka. A ra'ayina, a busasshen gari irin namu 409 na gaskiya ya wadatar.

Mai kyau daga sanannen kamfani takan kama dala ɗari zuwa ɗari biyu kafin dako, kuma da yake kwalinta ƙarami ne dakon bai kai na cikakken bututu ba. Haɗarinta yana hannun mai ɗaurawa: in ya yanke bututun asali ya yi walda kai tsaye, an rufe ƙofar komawa.

Tokumbo

A Ladipo ta Legas, Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, da wuya ka tarar da ta ainihin motarka, in ma ka tarar, shekarunta sun kai na wadda kake son cirewa. Abin da ake nufi da tokumbo a nan shi ne salansar wata mota ta baya-bayan nan mai girman inji kusan ɗaya. Aikin kamfani ce, cikinta an lissafa shi, kuma kuɗinta bai kai rabin na sabuwa ba.

Sai dai an ƙera ta ne don motar iyali ta yi shiru, don haka za ta kashe muryar taka. Yawancinsu manya ne masu nauyi, kuma wurin da ke ƙarƙashin motar tsere ƙunci ne. In tukunyar ta sauko da ko yatsa biyu, tudun titi na farko zai gaya maka. Wadda ta fito daga ƙasar gishiri kuma takan yi kyau daga sama, ƙasanta ya zama ɓawo. A girgiza ta a saurara, a ƙwanƙwasa ɗinkin da ƙasan da gindin sukudireba, a haska ciki da tocila. A kuma yi magana da mai kaya tun kafin biya cewa in ba ta zauna ba za a canza.

Ƙirar mai walda

Ita ce mafi arha kuma mafi sauri, kuma ba zan raina ta ba. Akwai masu walda a Buzaye da sauran garejojin gari da hannunsu ya faɗa sosai wajen lanƙwasa bututu da yin ƙugiya. Inda ake samun matsala shi ne cikin tukunya, domin girman ɗakuna da yawan huji lissafi ne, ba ƙiyasi ba. Wadda aka yi da ka takan fito ko dai da ƙara kamar ba salansa, ko a toshe har inji ya riƙa zafi. Akwai kuma batun ƙarfe. Bututun ruwa mai rufin tutiya yana da nauyi, hayaƙin waldarsa yana cutar da mai aikin, kuma nauyinsa yana jan manifol har ya tsage. Manifol ɗin tsohuwar mota kuwa ya fi salansa wuyar samu nesa ba kusa ba.

Hanyar da ke ba da sakamako mai kyau ita ce a tsaga tsohuwar tukunyar a gaban mai walda, ya kwaikwayi cikinta daki-daki da farantin ƙarfe mai kaurin milimita 1.2 zuwa 1.5, a huda ɗan rami na milimita uku a ƙasanta don ruwa ya riƙa tsiyayewa.

| Zaɓi | Kuɗi gaba ɗaya | Ƙarko | Ɗaurawa | Sauti | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Ƙirar asali | Mafi tsada | Matsakaici. Sosai in sitenles ce | Noti kawai | Na asali | Odar da ba daidai ba, lanƙwasa a hanya |
| Gama-gari | Matsakaici | Sosai in 409 ko 304 ce | Sai gwani | Ya danganta da cikinta | Jabu, gunji, yanke bututun asali |
| Tokumbo | Ƙasa | Sa'a ce | Yanka da daidaitawa | Shiru | Ruɓa a ɓoye, goga ƙasa |
| Ƙirar mai walda | Mafi arha | Gajere | Nan take | Ba tabbas | Nauyi, toshewa, yoyon hayaƙi |

Ranar ɗaurawa

Ko wacce ka zaɓa, ka tsaya a wurin. A fesa wa notina WD-40, man sassauta tsatsa, tun daren jiya, a yi aiki inji na sanyi, a kan rami ko na'urar ɗaga mota, ba a kan jak kaɗai ba. Notin da ya shekara arba'in a jikin manifol in aka matsa masa da ƙarfi karyewa yake yi, aikin awa biyu ya koma na kwana biyu.

A haɗa komai sako-sako tukuna, daga gaba zuwa baya, a daidaita, sannan a ɗaure daga gaba. A bar tazarar aƙalla inci guda tsakanin salansa da jikin mota, tankin mai, da bututun birki, a kuma mayar da farantin kare zafi in akwai. Sitenles 304 yana miƙewa da zafi fiye da baƙin ƙarfe, dogon bututu kan ƙaru da santimita ɗaya ko fiye, don haka robobi su ɗan karkata gaba lokacin da yake sanyi. Robobin su zama sababbi, kada a yarda da waya ko tsinken taya. Kilam mai faɗi irin na ɗamara ya fi mai siffar U, wanda ke matse bututu har ya kasa fita daga baya.

In walda ta zama dole, a cire kan batir, a rufe gefen tankin mai, a ajiye abin kashe gobara kusa. Sitenles yana son waldar iskar agon da sandarsa: mai lamba 308L in 304 ne da 304, 309L in ana haɗa shi da baƙin ƙarfe. In aka yi da sandar walda ta yau da kullum, tukunyar za ta zauna lafiya amma ɗinkin ya ruɓe.

Bakin bututu ya leƙo bayan bamba. Wannan ba ado ba ne. Iskar da ke bayan mota tana juyowa, kuma 240Z ta yi suna wajen zuƙo hayaƙi ta robar ƙofar baya in ta tsufa; motoci masu buɗaɗɗen rufi ma haka. Gubar da ke cikin hayaƙin ba ta da wari ko launi, alamarta ciwon kai da jiri da barci a kan sitiyari. Bayan an gama a tayar da inji, a ɗan toshe bakin da tsumma, a bi kowace mahaɗa ana saurare. In sabuwar ta fi tsohuwar sakin hayaƙi, mota mai kafireto tana iya fara tartsatsi in an saki totur. A duba launin fulogi a ɗan ƙara yawan man da kafireto ke ba injin. A sake ɗaure notina bayan tafiya biyu ko uku, sannan duk ranar da aka tayar da motar a yi tafiyar rabin awa, ko zuwa Bodinga ne a dawo, don tukunyar ta bushe.

Wace ta dace da wa

In motarka cikakkiya ce, fenti da kujeru da inji duk na asali, ko kana da niyyar sayar da ita ga wanda ya san darajarta, ka yi haƙuri ka yi odar mai ƙirar asali da lambar shasi. Mai MGB ma ita zan ba shi shawara ko ba don daraja ba, tunda samunta ba wuya.

In kana hawanta sosai, kana fita da ita Birnin Kebbi ko Illela, kuma bututunka na gaba lafiya yake, ta gama-gari mai ƙarfe 409 ce ta fi biyan kuɗinta, da kauri daidai da na asali, a ɗaure ta da kilam. Mai son shiru ya ɗauki wadda hayaƙi ke zagayawa a ciki, mai Datsun da ke son jin silinda shida ɗinsa ya ɗauki doguwa mai miƙaƙƙen bututu.

Tokumbo ta dace da wanda aka riga aka canza wa motarsa inji, ko aljihunsa bai kai ba a yanzu, muddin an gwada ta a ƙarƙashin motar kafin a yanka komai. Mai 504 Coupé ko wata da kayanta suka yi ƙaranci zai fi samun biyan buƙata da haɗin gambiza: tukunya ta gama-gari, bututu da ƙugiya daga mai walda.

Wanda kuma biki ya matso kuma odarsa na kan ruwa, ya sa a yi masa ƙirar gida mara nauyi, a ɗaura da kilam, ya ajiye tsohuwar a sito, domin da ita za a gwada sabuwar in ta iso.